Fatawa da Allura: Muhawarar Annoba a Darrasa

Darrasa unguwa ce a gabashin tsohon birnin Alƙahira, tsakanin masallacin Azhar da titin Salah Salim, daidai inda gari ke ƙarewa maƙabartar sarakunan Mamluk ta fara. A wannan ɗan taƙi ofishin Shaihul Azhar yake. A nan Darul Ifta take, gidan fatawar ƙasar Masar da aka kafa a 1895. Ga tsoffin tsangayoyin jami'ar Azhar, ga asibitin koyarwa na Husaini, can gaba kaɗan kuma ga Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje. Mutanen ƙasar Hausa da Barno ba baƙi ba ne a wannan yanki. Tun ƙarnonin baya aka ware ruwaƙin Barnawa, wato masaukin ɗaliban Barno, a cikin masallacin Azhar, yau kuma da wuya a ratsa lungunan Darrasa bayan la'asar ba a ji ana Hausa ba, ko ta Kano, ko ta Sakkwato, ko ta Damagaram. Abin da aka yanke a wannan unguwa game da addini yakan isa zaurukan Arewa cikin kwana ɗaya, ta bakin ɗalibai da wayoyinsu. Haka ya faru lokacin annobar korona.

Masar ta tabbatar da mutum na farko da ya kamu ranar 14 ga Fabrairun 2020. Wata guda bayan haka aka rufe makarantu da jami'o'i, har da Azhar. Ranar 15 ga Maris Majalisar Manyan Malamai ta Azhar ta fitar da bayani cewa shari'a ta halatta dakatar da sallar Juma'a da ta jam'i idan ana tsoron yaɗuwar annoba. Ranar Asabar 21 ga Maris Shaihul Azhar, Ahmad al-Ɗayyib, ya dakatar da salla a masallacin Azhar, ma'aikatar Auƙaf ta rufe masallatan ƙasar baki ɗaya, cocin Kibɗawa ma ta rufe majami'unta a wannan rana. Ladanai suka ci gaba da kiran salla, sai dai a cikin kiran suna umartar jama'a da su yi salla a gidajensu.

Hujjar malaman ba sabuwa ba ce, duk ɗalibin fiƙihu ya san ta. Kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi rangwamen barin jam'i saboda ruwan sama da taɓo, ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa kusantar masallaci don kada ya cutar da mutane, ya kuma hana shiga ƙasar da annoba ta sauka da fita daga cikinta. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas, a shekara ta 18 bayan hijira. Amru ɗan Asi, wanda daga baya ya buɗe Masar ya kafa Fusɗaɗ, shi ne ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu a wannan annoba har ta lafa.

Akwai wani labari da aka yi ta maimaitawa a wancan lokaci, wanda ya fi kusa da Darrasa kanta. Ibn Hajar al-Asƙalani, mai sharhin Buhari, ya rasa 'ya'yansa mata a annoba, ya kuma rubuta littafi a kanta mai suna Bazlul Ma'un. A ciki ya ba da labarin shekara ta 833 bayan hijira, wato 1430. An yi shela a Alƙahira a yi azumin kwana uku, sannan jama'a suka fita saharar bayan ganuwa don addu'a, wajen da maƙabartar da ke kallon Darrasa take a yau. Kafin fitar, masu mutuwa a rana ba su kai arba'in ba. Wata bai ƙare ba sai da suka haura dubu. Masu goyon bayan rufe masallatai sun riƙe wannan labari a matsayin shaida cewa cunkoso ke ciyar da annoba. Adalci shi ne a faɗi cewa Ibn Hajar da kansa bai kawo labarin don wannan manufa ba. Shi abin da yake son nunawa shi ne taruwa don addu'ar ɗauke annoba ba ta da asali a sunna, kuma bai yarda cuta tana tsallakawa daga mutum zuwa mutum da kanta ba. Lissafin da ya bari dai ya yi magana da bakinsa. Shekara takwas bayan haka, a wata annobar, Sarki Barsbai ya hana mata fita titunan Alƙahira bisa shawarar da ta ɗora bala'in a kan zunuban jama'a. Dokar hana fita tsohuwar aba ce a wannan birni, haka ma ɗora nauyinta a kan marasa ƙarfi.

A Masar rufe masallatai bai jawo tarzoma ba, domin masallatai na ƙarƙashin ma'aikatar gwamnati, limamin da ya buɗe ƙofa kuma aikinsa ne a bakin ƙofar. An kori wasu a kan haka. A Nijar lamarin ya sha bamban: matasa sun yi arangama da jami'an tsaro a Yamai da Mirriya, har gwamnati ta buɗe masallatai a watan Mayu. A Kano da Kaduna da Katsina an yi ta ja-in-ja a kan Juma'a. Ɗalibin Darrasa ya samu kansa a tsakiya. Malaminsa na Azhar ya ce a zauna a gida, limamin unguwarsu a can gida kuma yana cewa wannan makircin Yahudu da Nasara ne, iyaye suna bugo waya suna tambaya wanne ne daidai.

Daga 25 ga Maris aka sa dokar hana fita, daga ƙarfe bakwai na yamma zuwa shida na safe. Azumin wannan shekara ya kama ranar 24 ga Afrilu. Wanda ya san dandalin Sayyidina Husaini a Ramadan, inda ba a samun wurin sa ƙafa daga buɗa-baki zuwa sahur, zai gane girman abin da ya faru: fitilu a rataye, kujerun gidajen shayi a kife kan tebura, kasuwar Khan Khalili a garƙame. Babu tarawihi sai wadda aka riƙa nunawa a talabijin daga cikin Azhar, liman da 'yan tsirarun mutane a bayansa. An kuma hana shimfiɗa teburan ciyarwa na kan titi, waɗanda Misirawa ke kira mawa'idur Rahman. Wannan hani ya fi na tarawihi taɓa ɗalibin da ba shi da tallafin karatu. Su shida ko takwas ne a gida mai ɗaki biyu, abincinsu gurasa da wake da ɗan abin da aka turo daga gida, teburan Ramadan kuwa su ke rufa musu asiri wata guda cur. Maganar ba da tazara a irin wannan gida magana ce ta wanda bai taɓa shiga cikinsa ba.

A nan muhawarar ta bar hannun malamai ta koma hannun masu neman abinci. Miliyoyin Misirawa sai sun fita suke ci: mai tuƙa tuk-tuk, mai sayar da shayi, lebura, mai tallan tsaraba a bakin Husaini. Gwamnati ta ware fam 500 a wata ga ma'aikatan da ba su da albashi, kuɗin da bai isa cefanen mako biyu ba. Attajirin nan Najib Sawiris ya fito fili tun farko ya ce a bar mutane su koma aiki, domin durƙushewar tattalin arziki za ta fi cutar kisa. Ƙungiyar likitoci kuwa kira take a tsananta kulle, tana ƙirga mambobinta da ke mutuwa, waɗanda suka haura 500 kafin ƙarshen 2021. Gwamnatin Mustafa Madbuli ta ɗauki hanyar tsakiya wadda ta kira zama da korona. Ba ta taɓa rufe ƙasar ruf ba. Ta wajabta takunkumin fuska daga ƙarshen Mayu, ta ɗage dokar hana fita ranar 27 ga Yuni, ta buɗe masallatai don salloli biyar a wannan rana, wuraren alwala a rufe, kowa da dardumarsa. Juma'a ba ta dawo ba sai 28 ga Agusta, huɗuba kuma kada ta wuce minti goma.

Tsoro ma ya yi nasa aikin. A watan Afrilu mutanen wani ƙauye a lardin Daƙahaliyya sun tare hanya suka hana a binne wata likita da korona ta kashe, sai da 'yan sanda suka sa barkonon tsohuwa. Shaihul Azhar da Muftin Masar na lokacin, Shauƙi Allam, duka sun yi tir da abin, suka ce haramun ne. A daidai wannan wata ne maƙabartun Kano suka cika da manyan mutane, ana kiran abin mace-macen da ba a san dalilinsu ba, yara kuma suna bin titi suna ihun babu korona. A watan Yuni ministan lafiya na Najeriya a lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwa 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce sanadinsu. A ƙauyen Daƙahaliyya tsoro ya wuce kima, a Kano musu ya wuce kima, tushen kuwa ɗaya ne: jama'a ba su da wata majiya da suka amince da ita.

Cikin wannan ruɗani aka fara jin wata kalma a rediyo da talabijin, wadda Larabawa suka fassara da mana'atul ƙaɗi'i, garkuwar garke. Daga likitocin dabbobi kalmar ta fito, shi ya sa take da warin shanu, kuma mutane da yawa sun ji ta a matsayin raini. Garkuwar jama'a ta fi daɗin ji. Ma'anarta tana kama da yadda gobara ke tafiya a unguwa. Inda gidaje duka na kara ne, wuta na tsallakawa daga danga zuwa danga har ta cinye gari. Inda kowane gidan kara yake kewaye da gidajen ƙasa, wuta takan ci gida ɗaya ta mutu don ta rasa abin kamawa. Mai garkuwa a jikinsa shi ne gidan ƙasa. Jariri da bai isa allura ba, da tsoho, da mai ciwon daji, su ne gidajen kara da maƙwabta ke karewa.

Yawan gidajen ƙasar da ake buƙata ya danganta da saurin wutar. Idan mai cuta ɗaya yakan harbi mutum uku, sai biyu daga cikin ukun sun zama masu garkuwa kafin cutar ta daina ƙaruwa, wato kusan kashi 67 cikin ɗari. Ƙyanda takan tsallaka daga yaro ɗaya zuwa 12 har 18, don haka take buƙatar kashi 95. Shan-inna tana buƙatar kusan kashi 80. Wannan lissafi ba zato ba ne, da allura aka kawar da agana daga duniya, abin da aka tabbatar a 1980.

Hanyoyin kaiwa ga wannan garkuwa biyu ne, ko allura, ko a bar cuta ta bi ta kan mutane, wanda ya rayu ya samu garkuwa. A watan Maris na 2020 babban mai ba gwamnatin Birtaniya shawara kan kimiyya, Patrick Vallance, ya yi maganar kashi 60 cikin ɗari su kamu, kafin gwamnatin ta ja da baya cikin 'yan kwanaki da ta ga yawan gawar da lissafin ke nufi. Suwidin ta ƙi kulle mai tsanani, aka yi ta kafa hujja da ita. Ranar 4 ga Oktoba wasu masana uku suka fitar da sanarwar Great Barrington, suna cewa a killace tsofaffi a saki matasa su kamu. Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Ghebreyesus, ya mayar da martani cewa ba a taɓa yaƙar annoba ta wannan hanya ba, kuma yin haka ya saɓa wa ɗa'a. Ko an ajiye maganar ɗa'a, shawarar an ɗinka ta ne da awon ƙasashen da tsofaffi ke zaune a gidajen kula da su. A Darrasa, kamar a Fagge ko Tudun Wada, kaka da jika ɗaki ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci. Babu inda za a killace tsohuwa.

Daga ƙarshe korona ta ƙi bin lissafin kowa. Garkuwar da ake samu daga kamuwa ko daga allura tana raguwa bayan watanni, ƙwayar kuma tana sauya kama, daga Delta zuwa Omikron, kowace ta fi ta baya saurin yaɗuwa. Allurar ta rage kwanciya asibiti da mutuwa ƙwarai, amma ba ta toshe yaɗuwa kamar yadda ta ƙyanda ke yi ba. Jami'an da suka yi alkawarin cewa da zarar an kai kashi 70 an gama sun yi gaggawar magana, kuma masu shakka sun riƙe musu wannan. Ga kuma matsalar alƙaluma. Gwamnatin Masar ta ƙirga mutuwar da ba ta kai dubu 25 ba, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na Mayun 2022, ta ƙiyasta cewa mutanen da suka mutu fiye da yadda aka saba a 2020 da 2021 sun haura dubu 250. An tsare likitocin da suka soki yadda ake tafiyar da lamarin, an kori wakiliyar wata jaridar Birtaniya da ta buga ƙiyasin da ya saɓa da na hukuma. Muhawarar da aka hana a fili ba ta mutu ba, ta koma WhatsApp, inda babu mai gyara wa wani kuskure.

Allura ta fara a Masar ranar 24 ga Janairun 2021, da ma'aikatan lafiya a asibitin Abu Khalifa na Isma'iliyya, da samfurin Sinopharm na ƙasar Sin. Daga baya AstraZeneca ta zo, kamfanin gwamnati na Vacsera kuma ya fara haɗa Sinovac a cikin gida. A lokacin baƙo ma yana iya rajista a intanet da lambar fasfonsa, ya jira saƙon waya da zai gaya masa cibiya da rana. Darul Ifta ba ta bar wata tambaya a rataye ba. A kan zargin akwai sinadarin alade, ta ce abin da ya rikiɗe ya bar asalinsa ya zama wani abu daban hukuncinsa ya sauya, wannan ita ce ƙa'idar istihala. A kan azumi ta ce allurar da ake yi a dantse ba ta karya shi. A kan tawakkali ta ce neman magani da riƙo da sababi ba sa cin karo da yarda da ƙaddara. Ta fuskar fiƙihu magana ta ƙare cikin 'yan makonni. Layukan allura dai ba su cika ba. Mai gudun allura ya fi tambayar wanda ya kawo ta da abin da zai samu, fiye da halaccinta, wannan tambaya kuwa ba mufti ke amsa ta ba.

Masar ta daɗe da sanin wannan. Zamanin Muhammad Ali Basha, likitan Faransa Antoine Clot, wanda aka fi sani da Clot Bey, ya zo ƙasar a 1825, ya kafa makarantar likitoci a Abu Za'abal a 1827, aka mayar da ita Ƙasrul Aini a 1837. Agana tana kashe yara dubbai a kowace shekara, aka tura masu yin lamba ƙauyuka. Manoma suka riƙa ɓoye 'ya'yansu. Sun san gwamnatin da ke kwashe samari da ƙarfi zuwa aikin soja da haƙar magudanan ruwa, sai suka ɗauka tabon da ke dantse shaida ce ake sa wa yaro don a dawo a ɗauke shi in ya girma. Zatonsu kuskure ne, amma sanin da suka yi wa gwamnatinsu daidai ne. Dabarar da ta yi aiki ita ce koya wa wanzaman ƙauye yin lambar, da horar da mata ungozomomi a makarantar da aka buɗe a 1832 don su shiga cikin gidaje. Wanzami shi ke yi wa yaro aski da kaciya, shi ke yi wa uba ƙaho. Askarsa ba baƙuwa ba ce.

Rauni na biyu ya fi kusa, kuma ya fi zurfi. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 gwamnatin Masar ta yi gangamin allurar maganin tsargiya a ƙauyukan bakin Nilu. Niyya mai kyau ce. Sirinjin gilashi kuwa ana maimaita shi daga hannu zuwa hannu ba tare da an dafa shi yadda ya kamata ba, ta haka ciwon hanta nau'in C ya bazu har Masar ta zarce kowace ƙasa. Binciken ƙasa na 2008 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin goma na masu shekara 15 zuwa 59 yana ɗauke da ƙwayar. Da wuya a samu dangi a karkarar Masar da ba su binne wani a kan ciwon hanta ba. Gwamnati ta biya wani ɓangare na wannan bashi da gangamin da ta fara a Oktoban 2018, inda aka gwada mutane sama da miliyan 50 aka ba masu cutar magani kyauta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a 2023. Wanda maciji ya sara dai, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Bahaushen Darrasa da nasa macijin ya zo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta sa Saudiyya ta hana 'yan Najeriya aikin hajjin wannan shekara, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Goma sha ɗaya sun mutu, wasu sun nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya dace ba, shari'a ta kai 2009 kafin a sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A kan wannan ƙasa da aka riga aka jiƙa ne zargin 2003 ya tsiro. Majalisar Ƙoli ta Shari'a ƙarƙashin Dakta Datti Ahmad ta ce an gurɓata ɗigon shan-inna da abin hana haihuwa, Kano da wasu jihohi suka dakatar da shi. Tambayar da talaka ke yi a lokacin tana da nauyi: asibiti babu maganin zazzaɓi sai an saya, me ya sa wannan kaɗai ake bi gida-gida da shi kyauta? Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ba ta dawo da ɗigon ba sai ƙarshen Yulin 2004, bayan an samo shi daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Sinadarin bai sauya ba, hannun da ya miƙo shi ne ya sauya, kamar dai wanzaman Clot Bey. Kafin nan ɓarna ta auku. Yaran da cutar ta shanye a Najeriya sun tashi daga 202 a 2002 zuwa sama da 1,100 a 2006, ƙwayar kuma ta bi hanyar fatauci da ta hajji ta sake shiga ƙasashe kusan ashirin, har Sudan da Yaman da Indunusiyar kanta.

Masar ta rabu da shan-inna a hukumance a 2006, amma a ƙarshen 2012 an tsinci ƙwayar a ruwan kwatamin wasu unguwannin Alƙahira, bincike ya nuna daga Pakistan ta zo. Ba a samu yaron da ta shanye ba, domin kusan duk yaran da ke kewaye da kwatamin sun sha ɗigo. Garkuwar jama'a ke nan idan ta yi aiki: babu abin da ke faruwa, don haka babu wanda ke gode mata. Ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, galibinsu mata. Wata guda bayan haka malamai daga ƙasashen Musulmi suka taru a Alƙahira ƙarƙashin inuwar Azhar, suka ce kare yaro daga shan-inna wajibi ne a kan iyaye, kashe mai rigakafi kuma babban laifi ne. Daga wannan zama aka kafa kwamitin malamai masu ba da shawara kan cutar a Jidda a 2014. Fatawar ta taimaka, amma a Najeriya aikin ƙasa sarakuna da masu unguwanni da matan sa-kai suka yi shi, ta kwamitin da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafawa a 2009, da sansanonin lafiya da ke haɗa ɗigo da maganin zazzaɓi da sabulu. An ga yaro na ƙarshe da ƙwayar daji ta shanye a Barno a 2016, aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar daji ranar 25 ga Agustan 2020, ana tsakiyar korona.

Da lallashi ya gaza cika layukan allurar korona, gwamnatin Masar ta koma tilas. Daga 15 ga Nuwamban 2021 ma'aikacin gwamnati ba ya shiga ofis sai da shaidar allura ko gwajin mako-mako da kuɗinsa, ɗalibin jami'a ma ba ya wuce ƙofa. Daga 1 ga Disamba duk mai buƙata a ofishin gwamnati sai ya nuna katinsa. Ga ɗalibin waje, wanda iƙamarsa da jarrabawarsa duka ke hannun ofisoshi, zaɓi ya ƙare. Masu suka sun ce jikin mutum amana ce a hannunsa, ba a tilasta masa magani. Masu goyon baya sun ce shugaba yana da ikon taƙaita halal don maslahar jama'a, kuma cutar da ke tsallakawa ba ta mutum ɗaya ba ce. Layuka sun cika a makonnin da suka biyo baya. Duk da haka waɗanda suka kammala allura biyu ba su kai rabin al'ummar ƙasar ba.

Wani abin lura shi ne tilas ɗin da ya zo ta hanyar Makka bai taɓa haifar da irin wannan gardama ba. Tun bayan kwalarar 1865 da alhazai suka shigo da ita Masar aka riƙa killace mahajjata, tashar Ɗur da ke Sina'i ta shahara da haka, har wani nau'in kwalara da aka gano a can a 1905 ya ɗauki sunanta. Maniyyacin Kano ko Maraɗi yana miƙa hannu a yi masa allurar sanƙarau da ta shawara, ya buɗe baki a ɗiga masa na shan-inna yana da furfura, ya karɓi katinsa mai ruwan ɗorawa ba tare da ya tambayi wanda ya haɗa ba. Da Saudiyya ta sa sharaɗin allurar korona, ta kuma fara da amincewa da samfura huɗu kawai, ban da na ƙasar Sin sai an ƙara wata a kai, tambayar ɗaliban Darrasa masu niyyar umara ta juya: yanzu wace cibiya ce ke da Johnson, wadda ake yi sau ɗaya kuma ake karɓa a filin jirgin Jidda.

Masar ta ɗage sharuɗɗan shiga ƙasar a watan Yunin 2022, teburan Ramadan sun dawo dandalin Husaini a wannan shekara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayun 2023. Abin da annobar ta bari ya fito ta wata ƙofa. A shekarun kulle rigakafin yara na yau da kullum ya ja baya a ƙasashe da yawa, jita-jitar da aka ƙirƙira don allurar korona kuma ta shafi sauran allurai. Daga Disamban 2022 mashaƙo ya ɓarke a Najeriya, cutar da allurar jarirai ke hanawa tun shekaru da dama. Kano ce ta ɗauki kaso mafi yawa na waɗanda suka kamu, ta tsallaka har Matamaye da Damagaram, kuma mafi yawan yaran da aka kwantar ba su taɓa kammala allurarsu ba.